Jirgi, Kogi da GPS: Yadda Ake Warware Lissafin Gudun Jirgi da Gudun Ruwa

Yau za mu ɗan kauce daga maganar sababbin wayoyi mu taɓa lissafi, amma kada kowa ya ajiye wayarsa, domin da ita za mu yi aiki.

Akwai wata irin tambaya ta aljabara da ɗalibai suke yawan cin karo da ita a makarantar sakandare da lokacin shirin jarrabawar WAEC, NECO ko JAMB. Za a ce maka jirgin ruwa ya yi tafiyar kilomita kaza yana bin ruwa a cikin awa kaza, ya dawo yana gaba da ruwa a cikin awa kaza, sai a ce ka nemo gudun jirgin da gudun kogin. Da yawa daga cikinmu da zarar mun ga irinta sai mu tsallake, wasu kuma su ɗauke ta hoto su tura wa manhaja. Matsalar ita ce ranar jarrabawa ba a barin kowa ya shiga da waya, kuma maki huɗu ko biyar da za ka bari a nan suna iya zama su ne tsakaninka da kiredit a lissafi, wanda in babu shi kwasa-kwasai da yawa na jami'a sun rufe maka ƙofa. Alhali kuwa tambayar tana da sauƙi ƙwarai idan ka gane abu guda ɗaya. Wannan abu guda ɗin, wayarka ma tana iya nuna maka shi.

Gudun da wayarka take gani

Ka ɗauka kana cikin kwale-kwale mai inji a Kogin Kwara wajen Yawuri, ko a Binuwai wajen Ibi, ka buɗe manhajar auna gudu mai aiki da GPS. Lambar da za ka gani a fuskar wayar ba ta san da ruwa ba. GPS yana auna yadda kake matsawa ne a kan doron ƙasa, wato yadda mutumin da yake tsaye a bakin gaɓa zai ga kana wucewa. Idan mai jirgi ya kashe inji gaba ɗaya a tsakiyar kogi, wayar ba za ta nuna sifili ba, za ta nuna wata 'yar lamba, misali kilomita 3 a awa, domin ruwan da kansa yana tafiya, kuma yana tafe da ku kamar yadda mota take ɗauke da fasinjan da yake zaune.

Saboda haka gudu iri biyu ne a nan. Akwai gudun da inji ko filafili yake ba jirgi a kan ruwan da ba ya tafiya, kamar tafki. Za mu kira shi j. Akwai kuma gudun ruwan kogin kansa, za mu kira shi r. Idan jirgi yana gangarawa, wato yana bin inda ruwa ya nufa, ruwa yana tura shi, sai gudunsa a kan ƙasa ya zama j + r. Idan yana haurawa, wato yana gaba da ruwa, ruwa yana ja da shi baya, sai gudunsa ya zama j − r. A takardar jarrabawa, da yake da Turanci take zuwa, gangarawa shi ne downstream, haurawa shi ne upstream, ruwan da ba ya tafiya kuma still water.

Sai ka haɗa wannan da dokar da kowa ya sani tun firamare: nisa shi ne gudu sau lokaci. Daga nan gudu shi ne nisa a raba da lokaci, lokaci kuma shi ne nisa a raba da gudu. Iyakar kayan aikin ke nan. Duk tambayar da za a yi maka a wannan babi, komai tsawonta, daga nan aka ƙera ta.

Tambaya ta farko

Wani kwale-kwale ya ɗauki 'yan kasuwa ya gangara da su kilomita 36 a cikin awa 2. Da kasuwa ta tashi ya dawo da su a cikin awa 3, kuma mai jirgin bai ƙara wuta ba bai rage ba. Mene ne gudun kwale-kwalen, mene ne gudun kogin?

Kafin ka taɓa alƙalami, ka tambayi kanka wace tafiya ce ta fi sauri. Ta gangarawa ce, ita ce ke da alamar tarawa. Na sha ganin wanda ya juya su, ya yi ta fama har ya fito da kogi mai gudun da bai kai sifili ba.

Gudun gangarawa: 36 ÷ 2 = 18
Gudun haurawa: 36 ÷ 3 = 12

Ke nan muna da ikwashan guda biyu:

j + r = 18
j − r = 12

Ikwashan kamar sikeli yake, abin da ke hagu nauyinsu ɗaya da abin da ke dama, don haka kana iya tara na sama da na ƙasa ba tare da ka ɓata komai ba. Idan ka tara su, r da −r za su cinye juna, ya rage 2j = 30, wato j = 15. Ka mayar da 15 cikin na farko: 15 + r = 18, sai r = 3. Kwale-kwalen yana gudun kilomita 15 a awa, kogin yana gudun kilomita 3 a awa.

Ga gajeriyar hanya ga mai zana jarrabawar zaɓi-ɗaya, inda lokaci ke da tsada: ka tara gudun biyu ka raba biyu, ka samu gudun jirgi, ka ɗebe ƙarami daga babba ka raba biyu, ka samu gudun ruwa. Amma a takardar da ake son ganin yadda ka yi aiki, ka rubuta ikwashan ɗinka a fili, domin ana ba matakai maki ko da amsar ƙarshe ta kuɓuce maka.

Wata 'yar ratse. Kalmar aljabara daga Larabci ta fito, daga sunan littafin da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma daga sunansa ne aka samo kalmar algoridim da muke ji kullum idan ana maganar TikTok da YouTube. A littafin nasa babu harafi ko alama da take tsayawa a madadin lamba, da zance zalla yake bayyana tambaya da amsarta. Ke nan tambayar da ta zo cikin labari ita ce asalin aljabara, harrufan nan daga baya aka kawo su don a rage wahala.

Abin da ruwa ya ba ka a tafiya, ya fi shi karɓa a dawowa

A nan zan daɗe, domin a nan ne hankali yake yaudarar mutum, kuma a nan ne lissafin yake fita daga takarda ya shiga rayuwa.

Idan aka tambaye ka matsakaicin gudun wancan kwale-kwale zuwa da dawowa, abin da zai fara zuwa ranka shi ne ka tara 18 da 12 ka raba biyu ka ce 15. Kuma za ka ga kamar da hujja: ruwa ya ƙara masa 3 a zuwa, ya rage masa 3 a dawowa, an yi canjaras. To ba haka ba ne. Matsakaicin gudu shi ne dukkan nisa a raba da dukkan lokaci. Nisan shi ne 72, lokacin awa 5, sai ka samu 72 ÷ 5 = 14.4. Da a tafki aka yi wannan tafiya, inda ruwa ba ya tura kowa, lokacin zai zama 72 ÷ 15 = 4.8, wato awa 4 da minti 48. Ke nan kogin ya ci wa matafiyan minti 12.

Dalili shi ne ruwa ya taimaki jirgin na tsawon awa 2 kacal, amma ya yi awa 3 yana ja da shi. Kullum jirgi ya fi daɗewa a ɓangaren da ake cutarsa, saboda a nan ne yake tafiya a hankali. Kuma duk lokacin da gudun ruwa ya matso kusa da gudun jirgi, abin ƙara muni yake yi. Da kogin ya cika ya kai kilomita 10 a awa, zuwa zai ɗauki 36 ÷ 25, ƙasa da awa ɗaya da rabi, amma dawowa zai ɗauki 36 ÷ 5, wato sama da awa 7. Idan kuwa r ya kai j, to j − r ya zama sifili, jirgi zai yi ta ƙara yana ƙona mai alhali yana nan daidai bishiyar da yake kallo a gaɓa.

Yanzu ka dubi yadda wannan ya shafi aljihu. A ce mai jirgin nan yana da man da zai ishe shi awa 5, ya gangara ba tare da lissafi ba, yana cewa a ransa idan rabin man ya ƙare zai juyo. A cikin awa 2 da rabi zai yi 18 × 2.5 = kilomita 45. Da sauran man zai iya hauro 12 × 2.5 = kilomita 30 ne kawai. Inji zai mutu saura kilomita 15 ya isa gida, kuma da zarar ya mutu ruwa zai fara mayar da shi inda ya fito. Nisan da ya kamata ya tsaya, mu kira shi n, ana samun sa ne da haka:

n/18 + n/12 = 5

Ka ninka ko'ina da 36 don kawar da rabe-raben: 2n + 3n = 180, sai n = 36. Wato bayan awa 2 ya kamata ya juyo, lokacin da kashi 60 cikin ɗari na man yake nan.

Masu sarrafa jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, irin wanda ake gani yanzu a wuraren biki, su ma wannan tarkon ne yake jiran su, sai dai su iska ce kogin nasu, batir kuma shi ne man. A ce jirgin yana gudun kilomita 36 a awa, iska tana kaɗawa da kilomita 18. Ka tura shi kilomita 3 yana bin iska, zai isa a cikin minti 3 da daƙiƙa 20, domin gudunsa 54 ne. Dawowa kuwa gudunsa 18 ne, zai ɗauki minti 10 cif, ninki uku ke nan. Wanda ya jira batir ya kai rabi kafin ya juyo da shi, sai dai ya bi sawu cikin gonaki. Shi ya sa masu hankali suke fara tura shi gaba da iska, su bar iskar ta taimaka musu a dawowa. Haka nan jirgin sama da ya tashi daga Amurka zuwa Ingila yakan fi wanda ya tashi daga Ingila zuwa Amurka saurin isa, saboda iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama.

Idan ba a ba ka lokaci ba

Wani lokaci mai tambaya zai ɓoye lokacin, ya ce maka kawai lokutan biyu daidai suke. Misali: jirgi yana gudun kilomita 20 a awa a ruwan da ba ya tafiya. Lokacin da yake ɗauka ya gangara kilomita 48 shi ne yake ɗauka ya haura kilomita 32. Nemo gudun kogin.

Tunda lokaci shi ne nisa a raba da gudu, sai ka rubuta lokutan biyu ka sa alamar daidai a tsakaninsu:

48/(20 + r) = 32/(20 − r)

Ka ninka a gicciye: 48(20 − r) = 32(20 + r). Ka buɗe baka: 960 − 48r = 640 + 32r. Ka tattara masu r a gefe guda: 320 = 80r, sai r = 4. Gwaji: 48 ÷ 24 = 2, 32 ÷ 16 = 2. Sun yi daidai. Wannan gwajin ba ya cin daƙiƙa goma, ka mayar da shi ɗabi'a.

Wadda take kai mutum kwadiratik

Wannan ita ce ta fi tsoratar da ɗalibai. Kogi yana gudun kilomita 2 a awa. Jirgi ya je wani gari mai nisan kilomita 24 ya dawo, duka a cikin awa 5. Nemo gudun jirgin.

A nan jimillar lokaci aka ba ka, don haka tara lokutan za ka yi:

24/(j + 2) + 24/(j − 2) = 5

Ka ninka ko'ina da (j + 2)(j − 2), wanda shi ne j² − 4:

24(j − 2) + 24(j + 2) = 5(j² − 4)

A hagu, −48 da +48 sun cinye juna, ya rage 48j. Ke nan 48j = 5j² − 20. Ka kwaso komai gefe guda:

5j² − 48j − 20 = 0

Wannan yana rabuwa gida biyu: (5j + 2)(j − 10) = 0. In kana shakka ka buɗe bakan ka gani: 5j² − 50j + 2j − 20, ya dawo yadda yake. Amsoshi biyu ne za su fito, j = 10 ko j = −0.4. Lissafi bai san jirgi ba, shi dai ya ba ka duk lambar da ta dace da ikwashan. Kai ne za ka ce gudun jirgi ba ya zama ƙasa da sifili, ka jefar da −0.4 ka riƙe 10, kuma ka rubuta dalilin a takardarka. Gwaji: 24 ÷ 12 = 2, 24 ÷ 8 = 3, jimilla 5.

Idan rarrabawar ta ƙi zuwa maka, ka yi amfani da fomular kwadiratik da aka koya maka. Abin da ke ƙarƙashin alamar √ zai zama 2304 + 400 = 2704, wanda shi ne 52 sau 52, sai (48 + 52) ÷ 10 ya ba ka 10 ɗin dai.

Akwai kuma wadda ake ba ka tafiya biyu a cakuɗe. Jirgi ya haura kilomita 12 ya gangara 20 a cikin awa 4. Wata rana ya haura 18 ya gangara 40 a cikin awa 7. Dabarar ita ce kada ka fara da j da r. Ka ce a shi ne lokacin haura kilomita ɗaya, b kuma lokacin gangara kilomita ɗaya. Sai ka samu 12a + 20b = 4 da 18a + 40b = 7. Ka ninka na farko da 2 ka ɗebe na biyu daga ciki, ya rage 6a = 1, wato a = 1/6, daga nan b = 1/10. Ke nan gudun haurawa 6 ne, na gangarawa 10, sai gajeriyar hanyarmu ta ba ka j = 8, r = 2.

Inda kalkuletar waya take kayar da mutane

Kurakurai biyu ne suka fi yawa, kuma duka biyun ba laifin wayar ba ne.

Na farko shi ne minti. Jirgi ya gangara kilomita 14 a cikin minti 40, ya dawo a cikin awa 1. Sai mutum ya danna 14 ÷ 0.40, ya samu 35, ya fito da jirgi mai gudun 24.5 da kogi mai gudun 10.5. Minti 40 ba 0.40 na awa ba ne, domin awa minti 60 ce, ba 100 ba. Minti 40 shi ne 40 ÷ 60, wato biyu bisa uku. Gudun gangarawa na gaskiya 21 ne, sai j = 17.5, r = 3.5. Haka awa 1 da minti 30 shi ne 1.5, ba 1.30 ba. Idan ka ga amsarka ta ba kogi gudun da ya fi na mutum mai sassarfa nesa ba kusa ba, ka koma ka duba mintocinka.

Na biyu shi ne baka. Idan ka danna 24 ÷ 10 + 2, kalkuleta za ta fara rabawa sannan ta tara, ta ba ka 4.4. Abin da kake nufi shi ne 24 ÷ (10 + 2), wanda yake 2. A wasu wayoyin alamar baka ba ta fitowa sai ka kwantar da wayar a gicciye ko ka buɗe ɓangaren kalkuletar kimiyya.

Game da manhajoji irin su Photomath da Google Lens, ra'ayina shi ne ka yi amfani da su bayan ka gama, ba kafin ka fara ba. Sun ƙware wajen warware ikwashan da aka riga aka rubuta, amma aikin da ake gwada ka a kai shi ne fitar da ikwashan daga cikin labari. Ka rubuta naka, ka warware, sannan ka nuna wa manhajar ka ga ko kun dace, idan kun saɓa ka bi matakanta ka gano inda ka zame. Su kuwa manhajojin hira irin ChatGPT, suna iya kawo maka bayani mai daɗin karantawa da lamba maras kyau a ƙarshe, don haka duk amsar da suka ba ka ka mayar da ita cikin tambayar ka gwada. Idan kana son ganin abin da idonka, ka buɗe Desmos ko GeoGebra ka rubuta y = 24/(x + 2) + 24/(x − 2), ka ƙara y = 5 a ƙasansa. A ɓangaren dama za ka ga layukan sun haɗu daidai inda x yake 10. Ka lura kuma da yadda layin yake miƙewa sama ba iyaka idan x ya matso kusa da 2. Wannan shi ne hoton jirgin da yake ƙona mai a wuri ɗaya.

Gorar da ta faɗa ruwa

Ga wata da nake so ka gwada abokanka da ita. Wani masunci yana haurawa, sai gorarsa ta faɗa ruwa bai sani ba. Bayan minti 15 ya farga, ya juyo nan take da irin ƙarfin da yake tafiya. Minti nawa zai yi kafin ya cim mata? Ba a faɗi gudun jirgi ba, ba a faɗi na kogi ba, kuma ba a buƙatar ko ɗaya.

A cikin rubu'in awa, jirgi ya haura (j − r) ÷ 4, gora ta gangara r ÷ 4. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce jimillar biyun, wato j ÷ 4, r ya ɓace. Da ya juyo, gudunsa j + r ne, gora kuma tana gaba da gudun r, don haka tazarar tana raguwa ne da gudun j. Ka raba j ÷ 4 da j, ka samu rubu'in awa. Minti 15 ɗin dai zai yi. Ruwan yana ɗauke da su duka biyun, kamar mutumin da hularsa ta faɗi a cikin taragon jirgin ƙasa, ya yi gaba, ya dawo ya ɗauka, gudun jirgin ƙasan bai shafe shi ba. Inda gudun kogin yake shigowa shi ne idan aka tambaye ka a ina ya same ta. Gorar ta yi rabin awa tana tafiya, idan kogin yana gudun kilomita 4 a awa, zai same ta kilomita 2 ƙasa da inda ta faɗi.

Gwada shi a bakin ruwa

Wanda yake kusa da rafi ko magudanar ruwan noman rani yana iya auna r da kansa. Ka auna mita 20 a bakin gaɓa, ka sa alama a farko da ƙarshe, ka jefa kara ko ɓawon lemo a ruwa, ka danna agogon ƙidayar daƙiƙa na wayarka. Idan ya ɗauki daƙiƙa 25, gudun ruwan mita 0.8 ne a daƙiƙa. Ka ninka da 3.6 don mayar da shi kilomita a awa, ka samu 2.88. Ka maimaita sau uku ko huɗu, za ka ga lambobin sun ɗan bambanta, kuma karan da ya faɗa tsakiya ya fi wanda ya bi gefe sauri. Kogin gaske ba gudu ɗaya gare shi ba kamar na littafi: tsakiya ya fi gaɓa, damina ta fi rani. Wannan ne ya sa za ka ga masu kwale-kwale suna raɓar gaɓa idan suna haurawa, su shiga tsakiya idan suna gangarawa. Idan kuma a cikin jirgi za ka yi gwajin da GPS, ka rubuta gudun zuwa da na dawowa ka bi gajeriyar hanyarmu, amma ka sa rigar kariya, ka zauna a mazauninka, ka sa wayar a leda mai hana ruwa shiga.

Ga guda biyu na gwaji, ka rufe amsar da yatsa tukuna.

Ta ɗaya: jirgi ya gangara kilomita 40 a cikin awa 2 da minti 30, ya dawo a cikin awa 4. Nemo gudun jirgi da na kogi.

Ta biyu: jirgi mai gudun kilomita 12 a awa ya je gari mai nisan kilomita 30 ya dawo a cikin awa 5 da minti 20. Nemo gudun kogin.

Amsar ta ɗaya: jirgi 13, kogi 3. Amsar ta biyu: 3. Idan ta biyu ta ƙi fita, ka duba ko ka mayar da awa 5 da minti 20 zuwa 16/3, sannan ka tabbata ka iso 144 − r² = 135.